Mma da Uwar Dutse a Firenze

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na faɗi wannan kalma a tsaye gaban keken ɗinkin jaka, a wurin aikina a Firenze, ranar da wanmu ya kira ya ce Mma ta cika. Na maimaita ta a jirgi. Na maimaita ta a motar da ta ɗauko ni daga filin jirgin Akra. Amma da muka karyo kwanar unguwarmu Maamobi na hango rumfuna sun toshe lungunmu, sai bakina ya mutu.

Ranar sadakar uku na iso. An sa ta a makwancinta tun ranar da ta rasu, bayan la'asar. Matar da ta shekara talatin tana wanke gawar matan unguwa, 'yarta mace ɗaya tilo ba ta zuba mata ko moɗa ɗaya ta ruwa ba.

Ban san Mma na da jama'a haka ba. Direbobin torotoro, ƙananan motocin haya na tashar Kawukudi, sun ajiye motoci sun zo da kayan aikinsu a jiki. Mata masu dakon kaya a kasuwar Agbogbloshie sun zo su kusan ashirin, suka kife tasoshinsu a bakin kwata suka zauna a kai. Da na je gaishe su, babbarsu ta riƙe hannuna ta ce da guntuwar Hausarta, "Mu ba ya biya. Shi ce, ci ka tafi." Tsofaffin matan unguwa kuwa tambaya ɗaya suke yi wa juna, a hankali, kamar kada liman ya ji: "To yanzu wa zai wanke mu?"

Wadda ta fi kowa kuka ita ce Hajiya mai tuwo ta bakin titi, kuma duk lungun ya san dalili. Shekarun baya, da ciniki ya karkata wajen tukunyar Mma, ita ce ta bi gari tana cewa ai ba ta ga mai hankalin da zai ci abinci daga hannun da ke juya gawa ba. Maganar ta iso. Mma ta aje ludayi, ta tsallaka titi ko zani ba ta gyara ba, ta tsaya gaban tukunyar tuwon, ta buɗe tafukanta biyu.

"Hajiya, dube shi da kyau. Hannun da zai wanke ki ke nan. Gara ki fara sabawa da shi tun yanzu."

Shekara biyu ba su yi ga-maciji ba. Sai 'yar Hajiyar ta rasu wajen haihuwa, kuma ba wanda ya aika wa Mma. Da kanta ta ɗauki sabulu da turare ta shiga gidan. Ga shi yau Hajiyar na zaune a tabarmar Mma tana dukan cinya tana cewa, "Ta yi mini alkawari! Ita ta ce ita za ta wanke ni!"

Kowa ya faɗi abin da ya sani. An yi maganar wake da shinkafarta, wanda nan muke ce wa wace, yadda take jefa karan dafi ya yi ja ba tare da ya yi ɗaci ba. An yi maganar faɗanta. Wani direba ya kwaikwayi muryarta, "Ci ka tashi, wani na tsaye!" aka yi dariya da hawaye. Amma ba wanda ya san wata ukun da ta yi a wurina a Italiya, sai dai ba'ar da ake mata bayan ta dawo. Ni kaɗai na gani. In na yi shiru, ya tafi ke nan. Shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Sai na fara da Auta, don ba a gane waccan tafiya in ba da shi ba.

Mu uku Mma ta haifa: wanmu, ni, sai Auta. Bakaniken babura ne a Kawukudi, dogo, mai wushirya, wanda in ya shigo gida sai ya ɗaga Mma sama tana zaginsa yana dariya. Bayan na yi aure na bi maigidana Italiya, ba abin da Auta ke so kamar ya biyo ni. Na ce ya jira takardar biza. Ya jira shekara uku, takarda ba ta zo ba. Wata safiya ya ce wa Mma za shi Kumasi sayen kayan gyara. Sai daga Agadas aka ji muryarsa. Daga nan Libiya. Daga nan wani ɗan Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da mu, da ya tsallaka daga baya ya aiko cewa ya ga Auta ya shiga jirgin roba, kuma jirgin nan ba wanda ya ƙara jin labarinsa.

Liman ya zo har gida sau biyu a kan a yi masa addu'ar mamaci. Mma ta ce a'a. Ɗakinsa na nan a share, akwatin sifanunsa na ƙarƙashin gado. In aka matsa mata sai ta ce, "Ni nake wanke gawa a unguwar nan. In ɗana ya mutu, ni zan fara sani."

Shekara huɗu bayan haka Allah Ya ba ni haihuwa, bayan na fid da rai. Aka nema wa Mma takardar zuwa wankan jego, ta fito. Ta sauka da buhun gero, da kanwa, da daddawa a ƙulle cikin leda uku, da takalmin roba a ƙafa. Sunan garin ma ba ta yarda da shi ba. Firanzi take cewa, har ta koma ga Allah.

Kwana arba'in ɗin nan ta gasa ni da ruwan zafi kamar muna Maamobi. Ranar da muka yi arba'in ta goya jaririyar ta ce, "Tashi ki nuna mini garin."

Na kai ta kasuwar da muke sayen doya da filanten, wato agada. Ta dube ni.

"Ke, wannan ai Nima ce aka sa wa rufi. Garin masu garin nake nufi."

Kunya ta kama ni. Shekarata tara a Firenze, daga gida sai wurin aiki sai masallaci. Mutane na tasowa daga bangon duniya su ga abin da ke tsakiyar birnin nan, ni kuwa ta tagar bas nake hango shi.

Muka fara da babbar majami'arsu. Mun fito daga wani siririn lungu ke nan sai ga ta ta tsaya mana a gaba, jikinta duk farin dutse da kore da ruwan hoda, a samanta wata jar kubba da ta rufe rabin sama. Mma ta ɗaga kai har ɗankwalinta ya zame.

"Ei! Wa ya kife wannan tukunya?"

Na karanta mata abin da aka rubuta a allo: an yi ta fiye da shekara ɗari biyar, da bulo ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an kafa katakon da zai tallafe ta daga ƙasa ba. Ta daɗe tana kallo. Sai ta ce, "Maginan da suka hau can, iyayensu mata sun sha fargaba."

Haka take kallon komai. A tsohuwar gadar da ke kan kogin Arno, wadda shagunan gwal suka cika gefenta biyu, ta manna fuska a gilashi ta ce, "Gwal ɗinmu ne wannan. Shi ya riga mu samun takarda." A dandalin da aka tsayar da wani ƙaton saurayi na farin dutse tsirara haihuwar uwarsa, ta ja mayafi ta rufe ido, ta rufe na jaririyar da ba ta san komai ba.

"A'uzubillahi. Mutumin da ya iya fid da jijiya a jikin dutse, ɗan kamfai ne ya gagare shi?"

Amma ba ta tafi ba. Ta leƙo ta gefen mayafi tana kallon hannunsa na dama da ke rataye a cinya. "Hannun nan na mai aikin ƙarfi ne," in ji ta. "Dubi yatsun."

Maigidana bai ji daɗin yawon nan ba. Mutum ne mai kunyar suruka, sai da ya kwana biyu yana juya maganar kafin ya durƙusa ya ce, "Mma, a gafarce ni. Abubuwan nan gumaka ne fa."

"Malam, ka ga na yi musu sujada?"

"A'a, Mma."

"To kallo na je. Allahn da Ya ba Nasara hannu bai hana ni ido ba. Tashi ka ci abinci."

Abin da ya kama ta da gaske wata ƙofa ce. Gaban majami'ar akwai ɗan gini mai kusurwa takwas, ƙofarsa ta tagulla ce da aka shafe da ruwan gwal, an raba ta gida goma, kowane gida an zana labari da mutane ƙanana kamar za su fito su taka ƙasa. Mma ba ta yi boko ba, ba ta kuma jira na karanta mata ba. Ta kutsa cikin Turawa da goyonta, tana bin gidajen da ido, sai na ji ta ja numfashi.

"Ke, zo. Waɗannan ba buhunan hatsi ba ne? Wancan ba ƙoƙon sarki ba ne aka ciro daga buhu? Ga rijiya can sama. Yusufu ne! Wallahi Annabi Yusufu ne!"

Shi ne kuwa. Ta shiga ba ni labarin tiryan-tiryan yadda take jin sa a tafsirin azumi, tana nunawa da yatsa. Ta ce, "Ba fuskarsu ba ce, Allah Ya tsare, ba wanda ya san fuskar annabawa. Amma labarin namu ne." Sannan ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Annabi Yakubu, kowa ya ce masa ɗanka ya mutu. Har riga aka kawo masa da jini. Bai yarda ba, kuma shi ke da gaskiya. Ni ko rigar ba a kawo mini ba."



Da hutun haihuwata ya kusa ƙarewa na fara leƙa wurin aiki rabin yini, Mma ta koyi hawa bas ita kaɗai. Lambar ba ta iya karantawa, siffarta ta haddace. Kullum da hantsi sai ta soya ƙosai, ta ƙunsa a takarda, ta goya jikarta ta fita. Na ɗauka ƙofar take komawa kallo.

Wata Lahadi na kai ta gidan wasu attajiran da suka mulki garin a da. A ciki akwai ɗan ɗakin ibada, bai fi ɗakin Mma na Maamobi girma ba sosai, amma bangonsa duka zane ne: ayarin sarakuna na saukowa daga dutse, da dawaki, da karnuka, da itatuwa, launin kamar jiya aka shafa. Ana barin mutane su shiga kaɗan-kaɗan. Mma na shiga ta tsaya cak. A tsakiyar fararen fuskokin nan akwai baƙin mutum ɗaya, a ƙasa yake tafiya gaban dawakin, da baka a hannunsa.

"Wannan fa? Ɗan wa ye?"

Na ce ban sani ba, ba a rubuta sunansa ba.

"Tun wancan zamanin muke zuwa nan ashe." Ta matsa har igiyar da aka gitta ta taɓa cikinta. "Ya yi ƙiba, ba ya cikin wahala. Amma uwarsa ta san inda yake? Akwai wanda ya koma ya ce mata, mun gan shi, yana nan da rai, har an zana shi a bango?"

Mai gadin ɗakin ya ce lokacinmu ya cika. Sai da na ja ta.

A makon ne asiri ya tonu. Ina wucewa ta bakin kasuwar fata, wani dattijo ɗan Senegal mai sayar da lema ya tare ni. Ya ce ai ya gane ni, ni ce 'yar mama mai ƙosai. Ya ce kullum sai ta bi su ɗaya bayan ɗaya, masu lema da masu tabarau da masu jaka, ta ba kowa ƙosai, sannan ta kwance bakin zaninta ta ciro hoto. Ba ta jin yarensu, ba sa jin nata, sai ta nuna hoton ta nuna idonta. Ya ciro wayarsa ya nuna mini. Auta ne, ranar Sallah, yana dariya da wushiryarsa. Dattijon ya ce ya tura wa 'yan'uwansu na garuruwa da yawa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba wanda ya san shi, 'yar'uwa. Na kasa gaya mata."

Na dawo gida. Na samu Mma a kicin tana tankaɗe.

"Mma, ashe abin da kike fita yi ke nan? Da jaririya a baya, kina bin mutane a titi da hoto?"

"Na roƙi wani abu ne? Tambaya nake."

"Mma, Auta ya mutu! Shekara huɗu! Teku ta cinye shi, kowa ya sani, ke kaɗai kika ƙi!"

Ta aje rariya. Ta share hannunta a zani, a hankali.

"Kin gan shi?"

"Mma..."

"Na ce kin gan shi? Kin taɓa goshinsa kin ji ya yi sanyi? Kin ɗaure masa haɓa? To kada ki ƙara kashe mini ɗa da baki."

Kwana uku ba ta yi mini magana ba. Takan miƙo mini yarinya in ba ta nono, ta karɓe abinta.

Akwai dalilin da ya sa na yi mata tsawa haka, kuma ban taɓa gaya wa kowa ba, har maigidana. Mako guda kafin Auta ya shiga ruwa mun yi faɗa a waya. Na ce ya koma gida, ya ce ya riga ya yi nisa. Na ce to kada ya ƙara kirana. Ranar da za su tashi, da rana tsaka, ina kan keken ɗinki, wayata ta yi ƙara. Lambar Libiya ce. Na san shi ne. Ta yi ƙara sau uku, ina kallo, na kife ta a kan tebur. Na ce bari ya ji yadda nake ji, in na tashi aiki na kira shi. Da na tashi na kira, lambar ba ta shiga. Ba ta ƙara shiga ba. Duk ranar da Mma ta ce yana da rai, sai in ji kamar an sake kunna wayar nan a kunnena. So nake ya mutu a gama, ko na samu in daina jira. Allah Ya yafe mini.

A rana ta huɗu ita ta fara magana. Ta ce ta ji wai ƙofar da take zuwa kallo ba ita ce ta ainihi ba, kwafi ce, ta gasken an ɓoye ta a wani gida bayan majami'a saboda ruwan sama. Ta ce, "Saura mako biyu in tafi. Kai ni in ga ta gasken."

Muka je ranar Asabar da safe. Ƙofar na nan cikin wani ƙaton akwatin gilashi, ta fi ta waje kyau nesa ba kusa ba. Mma ta tsaya gaban gidan Annabi Yusufu ta yi kallonta har ta ƙoshi. Da za mu fita muka bi ta wani ɗaki mai duhu-duhu, ba komai cikinsa sai dutse ɗaya a tsakiya da fitila a kansa.

Mutum huɗu ne aka sassaƙa a dutse guda. Wani tsoho mai lulluɓi yana tsaye a baya, ya tallafo gawar wani saurayi da ke sulalewa ƙasa. Wata mace ta riƙe shi ta gefe ɗaya. A ɗaya gefen uwar ce, ta durƙusa ta sa kafaɗa ta tare shi, kansa ya faɗo kan kuncinta. Fuskarta ma ba a gama ba, duk sawun kurfin sassaƙa ne. Na karanta allon na gaya wa Mma: a wurinsu wannan Annabi Isa ne da mahaifiyarsa. Wanda ya sassaƙa shi tsoho ne tukuf a lokacin, don kabarinsa ya yi shi, fuskar tsohon nan ma tasa ce, kuma wata rana ya ɗauki guduma ya farfasa aikin, sai daga baya aka harhaɗa.

Mma ta ce, "Annabi Isa bai mutu ba, Allah Ya ɗauke shi. Wannan labarinsu ne."

Na ce to mu tafi. Ba ta motsa ba.

Ta zagaya dutsen sau ɗaya. Ta dawo ta tsaya. Ta ce da wata murya da ban san ta da ita ba, "Amma wanda ya yi wannan ya taɓa ɗaukar gawa. Dubi wuyan. Haka yake faɗuwa, ba ya taimakon ka. Dubi hannun yadda ya juya baya. Mai barci ba ya yin haka. Dubi gwiwar. Nauyin duk ya koma ƙasa, shi ya sa ta sa kafaɗa. Ni ma haka nake sa tawa."

Sai na ga hannayenta sun ɗago da kansu, tafukan a buɗe, kamar za a aza mata wani abu. Ta matsa. Matar da ke gadin ɗakin ta taso za ta hana ta taɓawa, da ta ga fuskarta sai ta tsaya, ta koma ta jawo kujerarta ta aje mata a baya.

Mma ba ta zauna ba. Da uwar dutsen take magana.

"Ke dai an ba ki naki," ta ce. "Kin riƙe shi. Kin ji nauyinsa. Ni na wanke 'ya'yan mutane, na wanke iyayen mutane, ban taɓa ƙin zuwa ba ko ana ruwa. Nawa ɗaya, ruwan gishiri ne ya wanke mini shi."

Tunda nake ban taɓa ganin kukan Mma ba. Ko ranar da Baba ya rasu, ita ke ba mutane haƙuri. Ranar nan ta durƙushe a ƙasan gidan kallo na Nasara, da jikarta a baya, ta yi kukan da ya sa Turawan da ke ɗakin suka fice ɗaya bayan ɗaya. Mai gadin ta tsaya a bakin ƙofa ta tare masu shigowa. Na durƙusa na rungume ta. Na ce a raina yau zan faɗa, ko za ta tsine mini.

"Mma, akwai abin da ban gaya miki ba. Ranar da Auta..."

Ta ɗago ta share fuska da gefen mayafi. "Yarinyar nan ta farka. Kwance ta ki ba ta nono."

"Mma, ki saurare ni."

"Na ce ki ba ta nono. In mun je gida ki kira mini wanki a waya. A gaya wa liman a sa rana."

Bayan ta koma aka yi wa Auta addu'a. Ta buɗe ɗakinsa ta ba abokin aikinsa akwatin sifanun, ta raba tufafinsa. Ta ƙara shekara shida a duniya. In ciniki ya lafa takan ba direbobi labarin tukunyar da aka kife da ƙaton da ba shi da kamfai, su yi ta dariya suna ce mata Mma Firanzi. Labarin ɗaki mai duhu kuwa ba ta taɓa ba kowa ba. Na zo gida sau biyu a shekarun nan, kowane zuwa da niyyar in faɗa mata, kowane komawa da abina a ciki. Ranar da za ta rasu ta sallami masu wace na safe, ta ce kanta na sarawa, ta shiga ta kwanta. Ko asibiti ba a kai ga zuwa ba.

Washegarin sadakar bakwai, baƙi sun watse, ni da Mma Ƙarama, ƙanwarta da suke ciki ɗaya, muna wanke manyan tukwane a tsakar gida. Sai ta aje soso ta ce, "Zauna. Akwai saƙonki a wurina. Ta ce kada in ba ki sai ƙasa ta rufe ta."

Na zauna a kan turmi.

"Kin san Auta ya kira ta ranar da za su shiga ruwa."

Na ce na sani, kowa ya sani. Ya ce ta yi masa addu'a.

"Ba shi ke nan ba. Ina wurin, a kunnena aka yi. Ya ce, Mma, na kira Sista sau uku ba ta ɗauka ba, na san fushi take. Ki ce mata ta yi haƙuri, ita ke da gaskiya. Ki ce in na iso, ni zan riƙa yi mata wanke-wanke shekara guda. Yana faɗa yana dariya."

Ban san lokacin da na zamo daga kan turmin ba.

"Ta sani? Duk shekarun nan ta sani?"

"Tun ranar."

"To me ya sa ba ta gaya mini ba? Me ya sa ta bar ni da shi?"

Mma Ƙarama ta kama kaina ta aza a cinyarta, hannunta duk kumfa. "Na tambaye ta. Na ce, Yaya, saƙo amana ne. Ta ce ta sani, za ta amsa a gaban Allah. Ta ce, in na isar, yarinyar nan za ta san na sani, ba za ta ƙara iya haɗa ido da ni ba, sai ta daina zuwa gida. Ta ce, teku ta ɗauke mini ɗaya, ba zan miƙa wa kunya ta biyu ba."

Shekara goma saƙon ƙanena ya yi a hanya kafin ya iso ni. Ba ni da wanda zan ba amsa. Shi babu kabari, ita kuma ba ta ji.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka. Ta suturta bayinka mata ba ta taɓa tona abin da ta gani a jikin kowa ba, Ka suturta ta. Ta rufa wa 'yarta asiri har a wurin 'yar kanta, Ka rufa mata nata ranar da ba mai rufawa sai Kai. In akwai laifi a riƙe saƙon nan, ni na jawo, kuma na yafe, Ka yafe mata. Ka umarci tekunka ta mayar mata da ɗanta, Ka aza mata shi a hannu ta ji nauyinsa.

Wanda duk ya karanta wannan, ina roƙon Fatiha ɗaya. A raba musu su biyu.